Kimiyya a Bayan Majigi: Yadda Aka Tayar da Tsoffin Jiragen Yaƙi Don Shirya Fim ɗin "Battle of Britain"

Gabatarwa

A ranar 15 ga Satumba 1969 aka fara nuna wani fim a birnin Landan mai suna Battle of Britain, wato "Yaƙin Birtaniya". Fim ne da ya ba da labarin gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Ingila a shekarar 1940 tsakanin mayaƙan saman Birtaniya da na Jamus. Har yau masana harkar sinima suna sanya shi cikin finafinan yaƙi na zaƙaƙurai, saboda mafi yawan jiragen da mai kallo ke gani suna shawagi a cikinsa jirage ne na haƙiƙa, da matuƙa na haƙiƙa a cikinsu. A wancan zamani babu kwamfutar da za ta zana jirgi ta ɗora shi a kan gajimare. Duk wanda ke son hoton jirage talatin a sama, tilas ya nemo jirage talatin ya tayar da su.

Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi wannan aiki, da irin matsalolin kimiyya da ƙere-ƙere da masu shirya fim ɗin suka yi karo da su. Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne, idon ɗan Adam yana da sauƙin ruɗuwa, kuma sana'ar fim a kan wannan rauni aka gina ta. Amma dokokin da ke tafiyar da iska da ƙarfe da faɗuwar abu ba sa ruɗuwa. Duk dabarar da ta ci nasara a wannan fim, ta ci ne domin ta yi biyayya ga waɗannan dokoki.

Yaƙin da aka so a nuna

Bayan da Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yuni 1940, Hitila ya juya ga Birtaniya. Kafin sojojinsa su iya tsallaka mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, dole sai an murƙushe rundunar mayaƙan saman Birtaniya. An kwashe daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba 1940 ana fafatawa. Ma'aikatan jirage kusan 3,000 ne suka yi yaƙin a ɓangaren Birtaniya, cikinsu har da mutanen Polan da Kanada da Cekoslobakiya da wasu ƙasashe, kuma 544 daga cikinsu suka rasa rayukansu. A ƙarshe Jamus ta jingine shirin mamayar.

Birtaniya ta dogara ne da jirage iri biyu masu inji ɗaya, Spitfire da Hurricane, tare da jerin na'urorin rada da aka kafa a bakin teku, waɗanda ke hango jiragen abokan gaba tun suna nesa. Shi Hurricane ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun daga watan Satumba 1940 akan harhaɗa irinsa a Takoradi ta ƙasar Gana, a biyo da shi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum zuwa fagen daga a Masar. A nata ɓangaren, Jamus ta yi amfani da Messerschmitt 109 wajen faɗa a sama, da jiragen jefa bama-bamai irin su Heinkel 111, da kuma Stuka mai sulmiyowa ƙasa kai tsaye ya saki bam.

Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin shirya fim ɗin: Benjamin Fisz, haifaffen Polan wanda shi kansa tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, da Harry Saltzman, ɗaya daga cikin masu shirya finafinan James Bond. Guy Hamilton ne darekta. An ɗauki manyan 'yan wasa irin su Laurence Olivier da Michael Caine, an kuma gayyato tsoffin mayaƙan ɓangarorin biyu, kamar Robert Stanford Tuck na Birtaniya da Adolf Galland na Jamus, don su ba da shawara. Sai dai duk wannan shiri ba zai yi amfani ba idan babu jirage.

Neman jiragen Birtaniya

A shekarar 1965 aka ɗora wa Hamish Mahaddie, wani tsohon hafsan mayaƙan sama ɗan Sikotlan, aikin nemo jirage. An ƙera Spitfire fiye da 20,000 da Hurricane fiye da 14,000, saboda haka mutum zai zaci aikin mai sauƙi ne. Amma da yaƙi ya ƙare, kuma jirage masu injin jet suka shigo, sai aka riƙa sayar da tsoffin jiragen ga 'yan gwangwan, suna narkar da su don samun alminiyam. Cikin shekara 20 kacal abin da ya cika filaye ya koma abin nema ruwa a jallo. Mahaddie ya gano Spitfire ɗari da 'yan kai a Birtaniya, yawancinsu an kafe su ne a ƙofar barikoki don ado, ruwa da rana suna dukansu. Ya samo 27 don aikin fim, amma 12 kaɗai aka iya gyarawa har suka tashi. Hurricane kuwa shida aka samu, uku ne masu tashi, kuma ɗaya daga cikin ukun daga Kanada aka kawo shi.

Tayar da jirgin da ya shekara goma ko fiye a ajiye ba ƙaramin aiki ba ne. Robobin da ke toshe mahaɗar bututu sukan bushe su tsattsage, tankin mai ya yi yoyo, wayoyin lantarki su ruɓe, tsatsa kuma ta ci ƙarfe a wuraren da ido ba ya kaiwa. Mafi haɗari shi ne babban ƙarfen da ya ratsa cikin fiffike, wanda shi ke ɗauke da nauyin jirgin baki ɗaya a sama. Ƙaramar tsaga a jikinsa takan riƙa faɗaɗa a hankali duk lokacin da fiffiken ya lanƙwasa ya miƙe, har ranar da zai karye ba zato. Don haka sai da makanikai suka warware kowane jirgi suka bincika shi gaɓa-gaɓa.

Akwai wata matsalar kuma. Spitfire na 1940 samfuri na ɗaya ne da na biyu, amma yawancin waɗanda suka tsira samfuran baya ne. Na farkon yana da farfela mai ganye uku da lagireto babba guda a ƙarƙashin fiffike ɗaya. Samfuri na tara kuwa farfelarsa ganye huɗu ce, da lagireto biyu, domin injinsa ya fi ƙarfi, zafin da yake fitarwa ma ya fi yawa. Abin da ake iya sauyawa an sauya: an cire manyan bindigogin da suka zo daga baya, an mayar da bakin fukafukai zuwa siffarsu ta asali mai kama da ƙwai, an gyara murfin mazaunin matuƙi. Lagireto kuwa an bar shi yadda yake, domin injin da aka rage wa sanyaya zai ƙone ko da kyamara na kallo.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki

Jiragen Jamus sun fi wuyar samu. An ƙera Messerschmitt 109 fiye da 33,000, amma ƙasar da aka ci da yaƙi ba ta ajiye makamanta, kuma babu ko ayari ɗaya da ya rage mai tashi. A ƙasar Sifen aka sami mafita. Tun lokacin yaƙi Sifen ta sami izinin ƙera Messerschmitt 109 da Heinkel 111 a masana'antunta. Jamus ta kasa aiko mata da isassun injuna saboda buƙatar kanta, don haka bayan gwaje-gwaje sai Sifen ta koma sayen injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce a shekarun 1950. Wannan kuwa shi ne ainihin injin da ke cikin Spitfire da Hurricane. Ta haka aka wayi gari da gangar jiki ta Jamus da zuciya ta Ingila a jirgi ɗaya.

Sifen ta daina amfani da nata Messerschmitt a 1965, daidai lokacin da Mahaddie ke nema, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya sayi 27, aka tayar da 17. Jiragen Heinkel kuwa suna cikin aiki a lokacin, sai rundunar saman Sifen ta ba da aron kimanin 30 tare da matuƙansu. Da aka haɗa duka, jiragen fim ɗin sun kai wajen 100, har ana cewa kamfanin ya zama runduna ta 35 mafi girma a duniya.

An yi wa jiragen Sifen kwaskwarima: an datse bakin fukafukansu ya zama mai kusurwa irin na 1940, an maƙala bindigogin ƙarya, an shafa fenti da tambarin Jamus. Hancin jirgin ne ya gagara, kuma dalilin yana cikin tsarin injin. Merlin da injin Daimler-Benz na Jamus duka suna da silinda 12 a layi biyu da suka haɗu kamar harafin V. A Merlin, mai girman lita 27, silindojin suna kallon sama, sandar da ke juya farfela tana ƙasa. A Daimler-Benz, mai kusan lita 34, an kifa injin ne, silindoji suna kallon ƙasa. Saboda haka salansar Messerschmitt na asali tana can ƙasan hanci, saman hancin kuma siriri ne. Da aka sa Merlin, sai salansa ta koma sama, aka kuma buɗe wani babban baki a ƙarƙashin hanci don shigar iska. Wannan kumburi ne ya sa mutanen Sifen suka laƙaba wa jirgin suna Buchón, sunan wata tattabara mai kumburarren maƙoshi. Duk mai ido da ya kalli fim ɗin zai ga wannan maƙoshi, domin ba a iya ɓoye shi.

Tarin da inji ya yi

Bambancin injunan biyu ya taɓa zama batun rai da mutuwa, kuma fim ɗin ya adana shaidar hakan. A farkonsa akwai wurin da wani Hurricane ya mirgina a sama, aka ji injinsa ya yi tari kamar zai mutu kafin ya farfaɗo. Wannan halin Merlin ne na wancan zamani.

Merlin na 1940 yana shan mai ta kafireto, kamar tsoffin motoci. A cikin kafireto akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa, da wani abu mai yawo a saman man wanda ke buɗe ƙofar mai ko ya rufe ta. Wannan tsari ya dogara ne da cewa mai zai zauna a gindin kofin. Idan matuƙi ya tura hancin jirgi ƙasa da sauri, ko ya kifa jirgin, sai man ya tashi sama, kamar yadda ruwan bokiti ke tsalle idan mota ta faɗa rami. Nan take inji ya rasa mai, bayan haka kuma man ya kwararo fiye da kima ya shaƙe shi. Injin Jamus kuwa famfo ne ke fesa mai kai tsaye cikin kowace silinda, ba ruwansa da sama ko ƙasa. Matuƙin Messerschmitt da aka biyo yakan tura hanci ƙasa ya tsere, na Spitfire kuwa sai ya fara mirginawa kafin ya bi shi, kuma a wannan 'yar daƙiƙa an ba shi rata. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling ce ta rage matsalar a 1941, ta hanyar sanya wani ɗan faifan ƙarfe mai huda a bututun mai, wanda ke hana man wuce adadin da inji ke buƙata.

Kyamara a sararin sama

Samun jirage rabin aiki ne, saura ɗaukar hotonsu. Faɗin Spitfire daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 11 ne da ɗan kai. Idan yana nesa da mita 500, girmansa a ido bai wuce faɗin ɗan yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Ga shi kuma yana iya gudun fiye da kilomita 550 a awa, wato yana shafe sama da mita 150 a daƙiƙa guda. Mai kyamarar da ke tsaye a ƙasa ɗigo kawai zai gani ya gilma.

Maganin wannan yana cikin wata ƙa'ida da aka sani tun zamanin Galileo: gudun abu ana auna shi ne da wanda ke kallonsa. Motoci biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan gudu ɗaya, fasinjan kowace yana ganin ɗayar kamar a tsaye take. Saboda haka aka ɗora kyamarori a cikin wani tsohon jirgin jefa bama-bamai na Amurka, B-25 Mitchell, don ya tashi tare da ayarin. An sa kyamara a hancinsa da wutsiyarsa da gefunansa, wuraren da a da bindigogi suke, an kuma rataya wata a kan hannun ƙarfe da ke saukowa ta ramin bama-bamai. A samansa an yi wata ƙubba ta gilashi, inda mai ba da umurni ke zama yana magana da matuƙa ta rediyo. An shafe jirgin da launuka masu ƙyalli, kowane sashe da nasa, domin matuƙin da ke tunkaro shi ya gane nan take inda ya dosa, a kuma iya ce masa ya jeru a gefen launi kaza.

Wahalar ita ce jiragen ba gudunsu ɗaya ba. Heinkel mai nauyi ba zai kamo Spitfire ba, shi kuma Spitfire akwai iyakar da zai iya rage gudu. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda iskar da ke gudana a jikinsa, kuma idan gudu ya ragu ƙwarai, matuƙi yakan ɗaga hanci don ya riƙe tsayinsa, har a kai inda iskar za ta ɓalle daga saman fiffiken jirgin ya ɓingire. Dole aka nemi matsakaicin gudun da kowa zai iya riƙewa. Bugu da ƙari, kowane jirgi yana barin guguwar iska a bayansa wadda ke girgiza na biye da shi, kuma harhaɗa jirage da dama wuri guda yana cin lokaci da mai, ga tankin ƙananan jiragen ba shi da girma. Sau da yawa shirin yini guda ba ya haifar da hoton da ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi.

Manyan masu ɗaukar hoton sama su ne Skeets Kelly da Johnny Jordan. Jordan ya riga ya rasa ƙafa ɗaya a wajen ɗaukar wani fim na James Bond, amma duk da haka yakan rataya a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu da kyamara a hannu, jirage suna wuce shi. Dukansu biyu sun rasu cikin 'yan shekaru kaɗan bayan haka a haɗurran sama, wajen ɗaukar wasu finafinan. Wannan ya isa ya nuna irin kasadar da ke cikin sana'ar.

Inda dabara ta gaza

Jirgin Stuka ya fi kowane ba da wahala, domin babu mai tashi ko ɗaya, kuma Sifen ba ta ƙera shi ba. Sai aka yi tunanin sauya siffar wani ƙaramin jirgin Ingila mai suna Proctor, aka karya masa fukafukai irin na Stuka. A ido ya yi kama, amma da aka gwada shi a sama sai aka ga ba zai yi aikin ba.

Dalili kuwa a fili yake. Stuka yakan sulmiyo ƙasa kusan a tsaye, sa'an nan ya ɗago. A lokacin ɗagowar, jirgin da matuƙinsa sukan ji nauyinsu ya ninka har wajen sau shida, domin sauya alkiblar abu mai gudu yana buƙatar ƙarfi mai yawa, kuma fukafukai ne ke ɗaukar wannan ƙarfi. Jini yakan sauka daga kan matuƙi har idonsa ya rufe na ɗan lokaci, shi ya sa Jamusawa suka sa wa jirgin na'urar da ke ɗago shi da kanta. An gina Stuka da ƙarfe, da birki na iska a ƙarƙashin fukafukai, da inji mai ƙarfin doki fiye da 1,000. Proctor kuwa jikinsa katako ne, injinsa bai wuce ƙarfin doki 200 da kaɗan ba. Siffa ta canza, ƙarfin katako bai canza ba. Aka haƙura, aka koma ga ƙananan samfuran Stuka da ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa.

Su ma samfuran suna da tasu matsalar, wadda ta shafi yadda abubuwa ke faɗuwa. Abin da aka saki daga sama yakan faɗi kimanin mita 5 a daƙiƙa ta farko, mita 20 cikin daƙiƙa biyu, mita 45 cikin daƙiƙa uku, muddin iska ba ta tare shi sosai ba. Wato nisan yana ƙaruwa ne daidai da lokaci a ninka shi da kansa. Alal misali, a ɗauka an ƙera samfurin da ya kai kashi ɗaya cikin tara na girman jirgin gaske. Tarkacen jirgin gaske da ya faɗo daga mita 45 zai ɗauki daƙiƙa uku. Na samfurin zai faɗo ne daga mita 5, cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwar mai kallo ta saba da yadda manyan abubuwa ke faɗuwa, don haka da ta ga wannan sauri za ta gane abin wasan yara ne.

Masu fim suna gyara wannan da saurin kyamara. Majigi yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Idan aka ɗauki samfurin da hotuna 72 a daƙiƙa, aka nuna su 24 a daƙiƙa, faɗuwar daƙiƙa ɗaya za ta miƙe ta zama ta daƙiƙa uku, daidai da ta gaske. Ƙa'idar ke nan: idan an rage girma sau tara, a ƙara saurin kyamara sau uku, idan sau 16 ne, a ƙara sau huɗu. Amma akwai abin da wannan lissafi ba ya gyarawa. Ɗigon ruwa da harshen wuta suna da girmansu na halitta, ba sa ƙanƙancewa don an ƙanƙanta jirgi. Shi ya sa ake ƙera samfura da girma gwargwadon iko, kuma inda ake son wuta sosai akan ƙona abu mai cikakken girma.

Wuta ta gaske da gajimare

An bi wannan hanya a filin jiragen Duxford, kusa da Kambirij, wanda rundunar sama ta daina amfani da shi a 1961. An ƙera jiragen ƙarya masu cikakken girma da katako da roba mai ƙarfi, wasu har da ƙaramin injin da ke juya farfela, aka jera su aka tarwatsa. Haka nan an sa nakiya an rusa wata rumfar ajiye jirage da aka gina tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a nuna harin Jamus. Hoton ya yi kyau matuƙa, amma ginin tarihi ya tafi ke nan, har yau filin da yake a buɗe yake.

Yanayi ma ya ƙi ba da haɗin kai. An fara ɗaukar fim a watan Maris 1968 a sansanin Tablada kusa da birnin Sebil na Sifen, daga nan aka taso da Heinkel biyu da jiragen Buchón zuwa Ingila. Bazarar 1968 ta zo da ruwa da hazo. Jirgin yaƙi an yi masa fenti ne don ya ɓace wa ido, saboda haka a ƙarƙashin lulluɓin gajimare mai toka-toka kyamara ba ta rarrabe shi. Ana buƙatar shuɗin sama da curin farin gajimare, domin gajimaren ne ke ba mai kallo ma'aunin gudu da nisa, kuma dole saman da aka ɗauka yau ya dace da na jiya idan za a haɗa hotunan. Jirage da matuƙa suka yi ta zaman jira, kuɗi na zuba, har aka kwashi wasu jiragen zuwa kudancin Faransa neman rana.

Abin da fim ɗin ya bari

Fim ɗin ya ci kuɗi masu yawa, kuma bai mayar da su ba a fitowarsa ta farko. Masu sharhi sun yaba faɗan sama, sun kushe labarin da aka saƙa a ƙasa. Ribarsa ta fito ne ta wata fuska. Hotunan saman da aka ɗauka sun yi yawa har wasu finafinan baya sun ci gajiyarsu, kamar Dark Blue World na 2001. Mafi muhimmanci kuma, jiragen da aka tayar ba su koma hannun 'yan gwangwan ba. Wani Spitfire mai lamba P7350, wanda ya yi yaƙin 1940 da kansa, an gyara shi don fim ɗin, daga nan aka miƙa shi ga sashen rundunar saman Birtaniya mai kula da jiragen tarihi. Wani matuƙi ɗan jihar Texas ta Amurka, Connie Edwards, ya karɓi jiragen Buchón da dama a madadin ladan aikinsa, ya adana su fiye da shekara 40 kafin a sayar da su a 2014 ga masu gyarawa. Irin wannan jirgi ne ya sake fitowa a matsayin Messerschmitt a fim ɗin Dunkirk na 2017. Filin Duxford kuwa ya zama gidan adana kayan tarihin jiragen sama tun shekarun 1970, kuma yana cikin mafi girma a Turai.

Aikin ya kuma nuna wa jama'a cewa tsohon jirgi yana gyaruwa, har gyaran ya zama sana'a mai zaman kanta. A tsakiyar shekarun 1960 Spitfire masu tashi 'yan ƙalilan ne, a yau kuwa sun haura 50 a duniya. Tare da jiragen an ceto ilimin da ke tattare da su: yadda ake warware Merlin a mayar, yadda ake lanƙwasa fatar fiffike, yadda ake sauke jirgi mai ƙafafu a matse ba tare da ya kife ba. Irin wannan ilimi a hannun makanikai da matuƙa yake zaune, kuma da an ƙara shekara ashirin ba a neme shi ba, da yawancin masu shi sun riga sun kwanta dama.

Kammalawa

Ɗalibin kimiyya da ya sami damar kallon wannan fim zai iya mayar da shi darasi. Ya dubi hancin jiragen Jamus ya nemi inda salansa take, ya ƙirga lagireton da ke ƙarƙashin fukafukan Spitfire, ya saurari tarin injin Hurricane a farkon fim, ya kuma lura da yadda tarkacen Stuka ke faɗowa ya gwada kimanta girman samfurin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alama ce ta wurin da masu shirya fim suka yi ciniki da dokokin halitta, suka sami abin da suka samu, suka bar abin da ya gagara. Akwai kuma izina ga kowace al'umma mai tsoffin injuna a yashe, na jirgin ƙasa ne ko na masaƙa ko na ɗab'i: tazarar da ke tsakanin yawan abu da ɓacewarsa ba ta wuce shekara ashirin ba, kuma mai gyara yakan riga injin tafiya.